Adaftar HDMI zuwa VGA mai wayar wuta: wata uku ina aiki da ita

Sana'ata buga furojet na ɗalibai, kuma idanuna sun gaji da ƙaramin allon laftof. Akwai tsohuwar monita Dell mai inci 17 da Yayana ya bar mini, ta daɗe a kan kabad tana shan ƙura. Ita ramin VGA kawai gare ta, shuɗin nan mai ƙofofi 15, laftof ɗina kuwa HDMI kaɗai ke jikinsa.

Adaftar da na fara saya mai arha ce. Na haɗa, fitilar monita ta koma ruwan lemo, allo baƙi ƙirin, sai "No Signal" ke yawo a kai. Na canza kebul, na duba haƙoran filogi ko wani ya lanƙwashe, na danna Windows da P. Shiru. Raina ya ɓaci sosai, har na fara tunanin kiran 'yan gwangwan.

Wani matashi mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ne ya hana ni. Ya ce, "Baba, kada ka sayar, monitarka lafiya lau take. Wuta ce ba ta isar adaftar." Ya yi mini bayani cewa saƙon HDMI na dijital ne, na VGA kuwa analog, saboda haka a cikin adaftar akwai ɗan ƙaramin cif da ke juya wannan zuwa wancan. Cif ɗin da wuta yake aiki, kuma 'yar wutar da ramin HDMI ke bayarwa, bolt 5 mai rauni, ba kullum take ɗaukar sa ba. Ya miƙo mini wata mai ƙarin wayar USB a gefe, wadda ke kawo mata wuta. Ya kuma ja kunnena cewa hanya ɗaya take bi: wadda aka yi don VGA zuwa HDMI ba za ta yi mini aiki ba, ko da bakunansu sun yi kama.

Da na haɗa a shagona sai rubutun ya canza, allon na kukan hoton ya fi ƙarfinsa. Na ji daɗin ganin haka, don aƙalla saƙo ya isa. Laftof ɗin 1920 x 1080 yake turawa, monitar kuwa iyakarta 1280 x 1024. Na zaɓi Extend, wato kowane allo ya nuna nasa daban, na sauke girman hoton nata zuwa wannan a kan 60Hz. Nan take Word ya bayyana, rubutu tar.

Adaftar tana da nata aibi. Wayar USB ɗin gajeriya ce, ga shi ta cinye mini rami guda, sai na cire maus kafin in sa filasha. Tana ɗumi idan ta wuni a jone. VGA ba ya ɗaukar sauti, amma akwai ramin iyafis a jikinta, na sa 'yar sifika. In an tayar da janareta, wasu siraran layuka kan riƙa rawa a allon, ko da yake sun ragu da na sayi kebul mai kauri na ɗaure sukurorinsa biyu tam.

Kuɗinta ya kusa ninka na ta farko, ban yi da-na-sani ba. Mai son saya ya tafi da laftof ɗinsa a gwada a gabansa da monitar shagon. Ni dai yanzu babin da nake bugawa na kan Dell, gyararrakin malamin ɗalibi na kan laftof.