Sharhi Kan Kwamfutar Wasa da Na Haɗa wa Ɗana da Ryzen 5 5600G

Duk mai son haɗa wa yaronsa kwamfutar wasa da kuɗi kaɗan, katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hotunan wasa, ne zai fara tsayar da shi, domin shi ne yake cinye kaso mafi tsoka na kuɗin. Ni na jinkirta sayensa, na gina kwamfutar ɗana a kan firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600G na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2021 da ƙwayoyin aiki 6, kuma yake ɗauke da nasa sashen sarrafa hoto a cikinsa. Yanzu da aka daɗe ana amfani da ita, na gamsu da wannan zaɓi.

Wasannin Minecraft da Roblox da Rocket League suna tafiya lami lafiya, Fortnite ma tana tafiya idan aka sassauta ingancin hoton. Sai dai akwai sharaɗin da bai kamata a yi wasa da shi ba, wato RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Tunda sashen hoton ba shi da ma'ajiya ta kansa, daga RAM yake ara, saboda haka sanduna biyu na RAM nau'in DDR4 masu gigabait 8 kowanne sun fi sanda ɗaya mai gigabait 16 nesa ba kusa ba, domin bayanai suna bi ta hanyoyi biyu a lokaci guda.

Inda na ƙi yin rowa shi ne madabod (babban allon da ake haɗa sauran kayan a kansa) da na'urar ba da wuta, domin su ne za su zauna bayan an sauya sauran kayan. Na ɗauki madabod samfurin B550 da na'urar wuta mai wat 550 mai shaidar tattalin wuta ta 80 Plus Bronze, wadda za ta ɗauki katin hoto irin Radeon RX 6600 cikin sauƙi ranar da yaron ya girma. Soket ɗin madabod ɗin, wato gurbin da ake sa firosesa, AM4 ne, wanda ake amfani da shi tun 2016, kuma yana karɓar har firosesa mai ƙarfi irin Ryzen 7 5800X3D. Na kuma ƙara UPS saboda ɗaukewar wuta, ina share matatar iskar akwatin a kai a kai lokacin hunturu, domin ƙura tana toshe fanka, zafi ya taru.

Kwamfutar tana da nata rauni. Manyan wasanni na zamani sun fi ƙarfinta muddin ba a sa mata kati ba, kuma hanyar da 5600G yake musayar bayanai da kati ta tsaya ne a tsohon nau'in PCIe 3.0, abin da zai ɗan rage wa wasu katunan gudu. AMD ta koma soket AM5 tun 2022, wanda sai da RAM nau'in DDR5 yake aiki, don haka wanda yaronsa ya kusa kammala sakandare, gara ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin AM5 tun daga farko.