Kantun gyaɗa: a maikirowef ko a tukunya?

'Yar'uwa, kin tambaya ko kantun gyaɗa yana yiwuwa a maikirowef kamar yadda yake yiwuwa a tukunya. Kin ce kin gwada, na farko ya fito da danƙo yana maƙale wa haƙora, na biyu kuma ya yi duhu da ɗaci. Yana yiwuwa, kuma yana yin kyau ƙwarai. Matsalolin nan biyu tushensu ɗaya ne: kin bi mintunan da wani ya auna da tasa na'urar, alhali taki ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba.

Kafin in jera miki hanyoyin biyu, sai mun fahimci abin da ake nema daga sukarin, don shi ne alƙali a duka biyun. Idan sukari yana tafasa, ruwan cikinsa ne yake fita, kuma gwargwadon raguwar ruwan gwargwadon hauhawar zafin. Kantu mai karyewa ƙas yana samuwa ne idan zafin ya kai digiri 149 zuwa 154 a ma'aunin Salshiyas, lokacin da ruwan da ya rage bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Idan aka sauke shi a wajen 140, zai daskare amma zai riƙa lanƙwasa yana kama haƙori, wannan shi ne naki na farko. Daga 160 zuwa sama kuma sukarin ya fara canza launi da sauri, gyaɗar da ke ciki ta fara ƙuna, nan da nan ɗaci ya shigo. Ki lura da ƙanƙantar tazarar. Abin da ya ƙara tsananta ta shi ne, da zarar ruwan ya kusa ƙarewa, zafin ba ya tafiya a hankali kamar farko, tsalle yake yi.

Ga yadda ake yi a maikirowef. Kofi 1 na sukari, wato kamar giram 200, da rabin kofi na ruwan gulukos mai kaurin nan, a kwanon gilas mai jure zafi wanda zai ɗauki lita 2. A na'ura mai ƙarfin wat 1000 ko kusa da haka, sai a ba su minti 4. A fito da shi a zuba kofi 1 na soyayyiyar gyaɗa da ɗan gishiri, a juya, a mayar minti 3. A sa ƙaramin cokali 1 na bota da ƙaramin cokali 1 na fanila, a mayar kamar minti 1. Daga nan sai ƙaramin cokali 1 na bekin soda, a juya da sauri, a juye a faranti da aka shafa wa mai. Duka-duka bai fi minti 10 ba.

A tukunya kuwa yawanci ana ninka wannan awon: kofi 2 na sukari, kofi 1 na ruwan gulukos, rabin kofi na ruwa. A ɗora a matsakaiciyar wuta ana juyawa har sukarin ya narke, sannan a bar shi ya tafasa. Idan ya kai wajen digiri 120 sai a zuba kofi 2 na ɗanyar gyaɗa, a ci gaba da juyawa har ya kai 150. A sauke, a sa bota babban cokali 2 da fanila, sannan bekin soda ƙaramin cokali 2, a juye. Wannan yakan ci rabin awa, wani lokaci ya ɗara.

Ta fuskar lokaci ke nan babu gardama, maikirowef ta yi gaba. Sai dai saurin nata yana da farashi, kuma shi ne kika biya.

A tukunya idonki yana kan sukarin daga farko har ƙarshe. Kina ganin kumfar tana sauyawa daga mai saurin fashewa zuwa mai kauri da nauyi, kina ganin launi yana tashi daga fari zuwa ruwan zuma, hancinki yana jin lokacin da gyaɗar ta fara ƙamshi. Ma'aunin zafi yana maƙale a gefen tukunya yana gaya miki inda kike, idan abin ya yi gudu ki rage wuta. A maikirowef an rufe ƙofa, ma'aunin zafi na ƙarfe ba ya shiga, sai agogo kawai kike bi. Su kuma na'urorin gida ƙarfinsu yana kamawa daga wajen wat 700 har zuwa 1200. Mintunan da suka dace da mai 1100 ba za su kai sukarin ko'ina ba a mai 700, waɗanda aka auna da mai 700 kuma za su babbake shi a mai 1200. Ki duba takardar da aka liƙa a bayan na'urarki ko a bakin ƙofarta. Sau da yawa za ki ga lambobi biyu: babbar ita ce wutar da na'urar take ja, ƙaramar ita ce ƙarfin da take dafa abinci da shi. Ƙaramar ce ta shafe ki.

Ko da kin san lambar, kada ki dogara da agogo a matakin ƙarshe. Bayan gyaɗa ta shiga, ki koma bayar da daƙiƙa 30 kina fitarwa kina dubawa, idan launi ya fara sauyawa ki rage zuwa 15. Ki ajiye kofin ruwan sanyi a kusa, ki ɗiga ɗan sukarin a ciki. Idan kin ciro shi ya lanƙwashe, da saura. Idan ya zama zare mai tauri ya karye ƙas tsakanin yatsunki, ya yi. Wannan gwajin ya girmi duk wani ma'aunin zafi, kuma yana aiki a hanyoyin biyu. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa lissafawa: gilas mai kauri yana riƙe zafi, don haka sukarin yana ci gaba da dahuwa bayan an fitar da kwanon. Ki fitar da shi launinsa bai gama kaiwa inda kike so ba, sauran zai cika da kansa yayin da kike juya bota da soda.

Maikirowef ba ta raba zafi daidai, wani gefen kwanon yakan fi wani. Shi ya sa juyawar da ake yi tsakanin matakai ba ado ba ce. Tukunya ita ma tana da nata aibin, zafi duk daga ƙasa yake zuwa, idan gindinta siriri ne sukarin ƙasa zai kama tun na sama bai kai ba. Tukunya mai kaurin gindi ake so, kuma daga lokacin da gyaɗa ta shiga hannu ba ya hutawa.

Inda maikirowef ta fi sauƙi ba tare da wani sharaɗi ba shi ne batun komawar sukari garas-garas. Narkakken sukari kullum yana neman hanyar komawa ƙwayoyi, kuma ƙwaya ɗaya da ta maƙale a jikin tukunya ta faɗo ciki tana iya jan sauran duka, sai ki ga abin ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi. A tukunya maganinsa a rufe ta minti 2 ko 3 a farkon tafasa don tururi ya wanke gefen, kuma a daina juyawa har sai lokacin zuba gyaɗa. A maikirowef wannan bai cika faruwa ba, saboda juyawar kaɗan ce kuma awon yana da ruwan gulukos da yawa, wanda aikinsa ke nan, hana ƙwayoyin haɗuwa. Idan ba ki da shi, ana iya sa ruwa kaɗan da 'yan ɗigon ruwan lemun tsami, tsamin yana raba wani sashe na sukarin zuwa gulukos da furuktos. Amma wannan dabarar ta fi dacewa da tukunya, inda kike ganin abin da ke faruwa. Zuma ma tana yin aikin, sai dai tana saurin yin duhu kuma tana jawo danshi, kantun ba ya daɗewa bai yi danƙo ba.

Batun ɗanɗano, a nan ra'ayina ne, kuma ina tare da tukunya. Ɗanyar gyaɗa da ta soyu a hankali cikin sukari tana barin ƙamshinta da ɗan manta a jikin kantun gaba ɗaya, ba a ƙwayar kaɗai ba. A maikirowef ma ana iya amfani da ɗanya, sai dai tun farko ake zuba ta tare da sukarin don ta samu lokacin soyuwa. Soyayyiya kuwa ba a sa ta da wuri ko a wace hanya, soyuwa biyu ƙuna ce. Ina kyautata zaton wannan ma ya taimaka wajen ɗacin da kika ji, idan tun farko kika haɗa komai wuri ɗaya. Ki kuma tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta sauya launi a zubar da ita, zafin girki ba ya kashe gubar da fumfunar gyaɗa ke haifarwa.

Bekin soda ita ce ta bambanta kantun da ake taunawa cikin daɗi da wanda yake neman fasa haƙori. Da ta taɓa sukari mai zafi sai ta saki iska, dubban ƙananan kumfa su maƙale a ciki, launi ya yi haske, haɗin ya kumbura. Dalilin babban kwano ke nan. Bekin foda ba ta maye gurbinta, kuma idan sodar ta yi yawa za ki ji wani ɗanɗano kamar na sabulu. Ki murje ta tukuna don kada ta yi gudaji. Daga zuba ta zuwa juyewa a faranti daƙiƙu ne kawai, don haka komai ya kasance a aune a ajiye tun kafin a kunna wuta. Idan kina son kantu mai sauƙin tauna, ki karkata farantin ya bazu da kansa, kada ki danne shi da cokali ki fasa kumfar. Idan siriri kike so, ki bari ya ɗan huce na minti 1 ko 2 sannan ki ja gefunansa da cokula masu yatsu da aka shafa wa mai. Farantin da aka ɗan ɗumama yana ba ki ƙarin lokaci.

Yawa kuma, nan tukunya ce kawai. Kada ki ninka awon maikirowef a kwano ɗaya, lokacin zai rikice gaba ɗaya kuma kumfar tana iya ambaliya. Idan da yawa kike so, ko dai ki yi zubi-zubi, ko ki ɗora tukunya. Idan zubi-zubi ne, ki sani kwanon da bai huce ba zai sa na biyu ya fi na farko saurin kaiwa.

Don Allah ki kula da jikinki. Sukari mai zafin digiri 150 ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma idan ya taɓa fata mannewa yake yi. Haɗarin tukunya shi ne fallatsa, na maikirowef kuwa shi ne ɗauko kwano mai nauyi da zafi sau uku ko huɗu. Kwano mai mariƙi ya fi, da busasshen tsumma mai kauri a hannu biyu. Roba ba ta shiga wannan aikin ko da an rubuta a jikinta cewa ta maikirowef ce, an yi ta ne don ɗumama abinci, ba don zafin narkakken sukari ba. Gilas mai zafi kuma ba a ɗora shi kan wuri mai sanyi ko jiƙa, yana iya tsagewa, ki shimfiɗa busasshen tsumma ko katako. Cokalin katako za ki juya da shi. Yara su yi nisa har a gama. Idan tsautsayi ya gifta, a tara wurin a ruwan sanyi mai gudana kamar minti 20, ba ƙanƙara ba, ba mai ba, idan ƙunar babba ce a tafi asibiti.

Wanke-wanke duk ɗaya ne, ruwan zafi yana narkar da sukarin da ya daskare. Tukunya ki zuba mata ruwa ki tafasa, gilas ki bari ya huce tukuna sannan ki jiƙa shi.

To wanne za ki ɗauka? Idan na gida ne, abin da zai cika faranti ɗaya, ki tsaya a maikirowef ɗinki, ki koma bin launi da gwajin ruwan sanyi, kuma ranar da ya fito daidai ki rubuta mintunan tare da kwanon da awon da kika yi amfani da su. Idan na taro ne ko na sayarwa, tukunya. Amma zan so ko sau ɗaya ki yi shi a tukunya kina kallo, don gani ya kori ji: duk bayanin da na yi miki na launin zuma ba zai kai ki gan shi da idonki yana sauyawa ba, kuma da wannan idon za ki riƙa duba kwanon gilas ɗin.

Wancan mai danƙon, idan har yana nan, ki farfasa shi ki zuba a tukunya da ɗan ruwa, ki narkar a ƙaramar wuta har ya ci gwajin ruwan sanyi. Zai fito da ɗan duhu da tauri fiye da na farko saboda kumfar ta tafi, amma zai ciwu. Mai ɗacin ba ya gyaruwa.

Ajiya kuma, sukarin da aka dafa har wannan matakin yana zuƙar danshi daga iska, ko da wace hanya aka yi shi. Ranar da ake ruwa ko iska ta yi laima, kantun da ya fito daidai ma yana iya fara nane wa hannu cikin 'yan awanni. Da ya huce sarai, wajen rabin awa, ki kakkarya ki zuba a mazubi mai murfin da iska ba ta shiga, ki sa takardar gashin burodi tsakanin jeri da jeri. Kada ki sa a firiji, raɓar da zai yi idan an fito da shi ita ce za ta narkar da samansa. A busasshen wuri cikin rufaffen mazubi yakan yi mako biyu ko fiye bai sauya ba.