Yawan maƙalu ko yawan ambato: da wanne ake auna mai binciken raunin laka?

Ƙanena, ka ce kana shirin kundin kammala karatun likita a nan Damagaram a kan masu raunin laka, kana neman malamin waje da zai taya ka duba aikin, ka kuma samu biyu. Ɗaya maƙalunsa sun haura ɗari amma ba a cika ambatonsa ba, ɗayan bai rubuta ko rabin haka ba amma masu bincike sai kafa hujja suke da shi. Ka tambaya wa ya fi. In aka ce lalle sai na zaɓa daga waɗannan alƙaluma kaɗai, na biyun zan ɗauka. Sai dai a fannin laka alƙaluman nan sun sha yaudarar mutane, shi ya sa ba na so ka tsaya a kansu.

Yawan maƙalu yana nuna ƙwazo, ba na raina shi. Wanda ya shekara ashirin yana fitar da aiki bai zauna ba, kuma ya san hanyoyin mujallu, abin da kai ma za ka buƙata. Malamanmu na jami'a ma ba su da mafita, tunda kwamitocin CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska da ke Wagadugu, suna duba abin da mutum ya wallafa kafin a ƙara masa girma. Amma ƙirga maƙalu kamar ƙirga buhunan gyaɗa ne ba a kwance bakinsu ba. Ana yanka bincike ɗaya gida uku a fitar da maƙalu uku. Ana saka sunan mutum a tsakiyar marubuta goma sha biyar don marasa lafiyar daga sashensa suka fito. A al'adar mujallun likitanci, sunan farko na wanda ya yi wahalar aikin ne, na ƙarshe kuwa na jagoran tawaga. Ka sake ƙirga ɗarin nan, ka ware waɗanda sunansa ya zo farko ko ƙarshe, ka ga nawa suka rage.

Ambato ya fi wuyar samu, domin sai wani ya karanta aikinka ya ga yana da amfani a nasa. Eugene Garfield ne ya fara tattara wannan lissafi a Amurka, kundinsa ya fara fita a 1964. A 2005 wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya haɗa ma'aunan biyu wuri ɗaya, shi ne ma'aunin h da kake gani a shafukan malamai. In aka ce h ɗin mutum 20 ne, ana nufin yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Wanda ke da maƙalu uku kacal, ko an ambaci kowacce sau dubu, h ɗinsa 3 ne. Kuma lambar ba ta raguwa, tsufa kawai take ƙara mata. Ka lura ma da rumbun intanet ɗin da ka ɗauko ta: Google Scholar yana kwaso har kundayen ɗalibai, don haka lambarsa ta fi girma, Scopus da Web of Science sun fi tsantseni, kuma mujallun Afirka da yawa masu fita da Faransanci ba su cikinsu. Kada ka ɗauki lambar wannan daga nan, ta wancan daga can, ka ce ka kwatanta.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. A 1990 Michael Bracken na jami'ar Yale da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da aka sani da NASCIS na biyu, a kan marasa lafiya 487. Suka ce maganin methylprednisolone mai yawa, in an ɗura shi cikin awa 8 da jin rauni, yana taimaka wa farfaɗowar jijiyoyi. Maƙalar ta zagaye duniya, asibitoci suka mai da ita doka, ambato ya yi ta zuba. Daga baya masu nazari suka lura cewa amfanin bai fito a dukkan marasa lafiyar ba, sai da aka ware masu awa 8 ɗin, ga kuma damuwar ciwon huhu, shigar ƙwayoyin cuta cikin jini da zubar jini a ciki. A 2013 ƙungiyoyin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka na Amurka suka ce ba su ba da shawarar amfani da shi ba. A 2017 wata tawaga ƙarƙashin Michael Fehlings na Toronto ta mai da shi a matsayin zaɓi, amma shawarar ba mai ƙarfi ba ce. Har yau ana ambaton maƙalar, amma wasu masu ambaton sukarta suke yi, na'ura kuwa ba ta bambanta mai yabo da mai suka, duk ɗaya take ƙirga su.

Ka ajiye aikin Jack Lapides kusa da wannan. Likitan mafitsara ne a Mishigan. A 1972 ya nuna cewa marar lafiya zai iya zura wa kansa robar fitsari lokaci-lokaci da hannu mai tsabta, ba sai da kayan ɗakin tiyata ba, muddin ba a bar mafitsara ta cika ta kumbura ba. Babu wata na'ura mai tsada a ciki, amma mutane marasa iyaka ƙodarsu ta tsira saboda shi, kuma ma'aikacin jinyar da ke koya wa marar lafiya wannan dabara ba ya rubuta maƙala balle ya ambaci kowa. Haka ma Hans Frankel na asibitin Stoke Mandeville a Ingila, wanda a 1969 ya kasa raunin laka daga A zuwa E. Ma'aunin ASIA na tsananin raunin laka da kake cikewa a gefen gado daga nan ya samo asali. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai kuma ambaton da irin aikin ne ke jawo shi. Basso da Beattie da Bresnahan sun fitar da ma'aunin tafiyar ɓeraye mai maki 21 a 1995, kuma kusan duk mai gwajin laka a jikin ɓera yakan ambace su. Aiki ne nagari. Amma masu gwajin dabbobi suna da yawa, suna ambaton juna, masu nazarin gyambon kwanciya kuwa ƴan kaɗan ne. Idan malaminka na biyu ɗan ɗakin gwaji ne, na farkon kuma likitan gashi da motsa jiki, to ba gudu ɗaya suke yi ba, kwatanta lambobinsu zalunci ne. Masana da editoci sun yi gargaɗi makamancin wannan a sanarwar San Francisco ta 2012, inda suka ce a daina auna mutum da martabar mujallar da ya wallafa a ciki, a karanta aikin kansa.

Ina jin daɗin abin da Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch suke yi a Suwizalan. A 2018 sun nuna mutane uku masu raunin laka suna taka ƙafa bayan an dasa musu na'urar da ke motsa laka da lantarki. Abin a gode wa Allah ne. Amma ka tuna wanda za ka tarar a gado: ɗan kabu-kabun da mota ta buge, maginin rijiyar da igiya ta tsinke da shi, yaron da ya faɗo daga bishiya yana sassabo wa awaki ganye. An ɗauko shi a amalanke ko bayan mota, wuya na lilo, wani lokacin sai an biya wurin mai ɗori kafin a iso asibiti. Fehlings ya nuna a 2012 cewa cikin waɗanda aka yi wa tiyatar wuya kafin awa 24, kusan kashi 20 cikin ɗari sun haura mataki biyu ko fiye a ma'aunin ASIA bayan wata shida, waɗanda aka jinkirta kuwa kusan kashi 9. Marar lafiyar da ya taso daga ƙauyen Tanut ko Gure, awa 24 ɗin nan a hanya da neman kuɗi take ƙarewa. Bayan an sallame shi, abin da ke cin rayuwarsa shi ne gyambon da ke huda ɗuwawu har ƙashi ya bayyana, da ciwon mafitsara mai hawa zuwa ƙoda. Na fi son malamin da ya taɓa zama ya ƙirga waɗannan, ko da maƙalarsa mutum talatin suka ambata.

Don haka ka buɗe maƙalu biyar da aka fi ambato na kowannensu, ka karanta su da kanka. Mutane aka yi aikin a kansu ko ɓeraye? Sabon bincike ne ko taƙaita na wasu, tunda maƙalun taƙaitawa sun fi jan ambato? Ka bi goma daga cikin masu ambaton ka ga me suka ce. Ka duba sau nawa yake ambaton kansa, da abin da ya fitar a shekaru biyar ɗin nan. Sannan ka nemi sunayen ɗalibai daga ƙasashe irin tamu a maƙalunsa, ka ga ko ya bar su a sahun farko. Daga nan ka rubuta wa su biyun, ka faɗi yawan marasa lafiyar da kake sa ran samu da kayan aikin da ke hannunka, ka kuma nuna wa malaminka na nan jami'ar André Salifou amsoshinsu kafin ka yanke. Allah ya ba da sa'a.