Mai gadin ƙofa da na cikin ɗaki: TLR4 da kaspes

Kwayar cutar taifot, wadda ke kwantar da mutane a Garwa da Marwa idan ruwan sha ya gurɓace, cikin ƙwayoyin garkuwar jiki take ɓuya. Ga hanyoyi biyu da ƙwayoyin garkuwar ke bi su gano ta.

TLR4, wani furotin da ke saman ƙwayar garkuwa, yana bakin ƙofa. Da ya taɓa LPS, kitsen da ke lulluɓe da kwayar cutar, sai ya sa a fara haɗa sinadaran kumburi, ƙwayar garkuwar kuma tana nan da ranta.

Na ciki ya fi zafin hannu. Idan LPS ya kutsa can cikin ƙwayar garkuwar, furotin masu yanka da ake kira kaspes 4 da 5 sukan yanka wani furotin mai suna gasdamin D, shi kuma ya huda bangon ƙwayar garkuwar har ta fashe. Maɓoya ta rushe ke nan, sinadarin IL-1 mai tayar da zazzaɓi ya malalo. A ganina wannan ya fi maganin mai ɓuya, sai dai in ya wuce kima, nama mai lafiya ma yana ɗanɗana kuɗarsa.