Pudin burodi mai ayaba da cakulan: gashin obin ko turarawa?

Hajiya, kin tambaya ko za ki iya turara pudin burodi a tukunya tunda babu obin, ya fito kamar gasasshe. Zai yi daɗi, amma kamanninsu da yadda suke a baki sun bambanta.

Haɗin dai ɗaya ne. Burodin da ya kwana ɗaya ko biyu yanka 8, madara kofi 2 (in ta gari ce, cokali 8 a ruwa rabin lita), ƙwai 3, sukari cokali 4, ayaba 3, cakulan giram 100 a daddatse, narkakken bota cokali 2, kirfa kaɗan da ɗan gishiri. Ki dame ayaba biyu cikin ruwan ƙwan da madarar, ki yanka ta ukun ƙanana. Ki zaɓi wadda ɓawonta ya fara ɗige-ɗigen baƙi, ita ce mai zaƙi da ƙamshi, wadda ba ta gama nuna ba bauri za ta bari. Sai ki zuba burodin ya jiƙa na minti 20 zuwa 30. Sabon burodi ba ya shan haɗin sosai, caɓewa yake yi.

A obin, digiri 170 a ma'aunin Celsius na minti 40 ya isa. Zafin obin busasshe ne, shi ya sa gutsattsarin burodin da suka leƙo sama suke yin ja da ƙaras-ƙaras, ciki kuma ya zauna da laushi. Wannan bambancin na sama da ciki shi ne rabin daɗin pudin. Matsalar gashin obin yawan wuta: in zafi ya yi yawa ƙwan yana ɗaurewa ya matse ruwan jikinsa, ki yanka ki ga ruwa kwance a gindin kwano. Ki cire shi tsakiyar tana ɗan rawa in kin girgiza, sauran zafin zai ƙarasa shi. Cakulan ɗin da ayabar kuma ki tura su ciki, wanda ya zauna a sama ƙonewa yake yi ya yi ɗaci.

Turarawa kamar alale ce. Ki shafe kwano ko gwangwanaye da bota, ki zuba haɗin, ki rufe bakin da takardar foyil sosai. Ruwan tukunya ya tsaya rabin kwanon, wuta ƙasa-ƙasa, minti 45 zuwa 50, gwangwanaye kuma kamar minti 25. Tururin tukunya ba ya wuce digiri 100, don haka pudin ɗin ba ya ƙonewa, kuma yana fitowa sumul, da laushi tun daga sama har ƙasa. Abin da za ki rasa shi ne jan saman. Inda ake samun matsala zufar murfi ce, tana ɗiga ciki ta sa saman ya yi lagwab, don haka ki naɗe murfin da tsabtataccen ƙyalle. Ki kuma rage madarar da kamar kwatan kofi, tunda ruwan haɗin ba ya ƙafewa kamar a obin.

In jan saman ne a ranki, tukunyar yashi, wato wadda ake zuba yashi a ƙasanta a yi gashi a ciki, ta fi kusa da obin, sai dai zafinta daga ƙasa yake bugowa. Ki ɗora kwanon a kan ɗan ƙarfe ko duwatsu uku, kada ya zauna kan yashin, in ba haka ba ƙasan zai yi ƙauri tun tsakiyar ba ta nuna ba.

A ganina, ga yara ƙanana da tsofaffi turararre ya fi, kuma shi ya fi sauƙi ga mai yin farko. Ga baƙi kuwa gasasshe ya fi cika ido. In babu cakulan, garin koko cokali 2 zai yi, ki ƙara sukari cokali 1. In Milo ne, ki rage sukarin rabi, don da zaƙinsa yake zuwa. Kowanne kika yi, ki bar shi ya huta minti 15 kafin ki sa wuƙa, a ci da ɗuminsa.