Kafin Ka Biya Kuɗin Kulob Ɗin Golf, Idan Da Ƙafa Kake Wasa

Duk wanda ke shirin shiga kulob ɗin ƙwallon lambu, wato golf, a Zariya ko Kaduna, farkon abin da yake tambaya shi ne kuɗin shiga. A ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Kuɗin shiga sau ɗaya ake biyansa. Wanda zai riƙa cin aljihunka shi ne kuɗin shekara, da abin da aka cusa a cikinsa.

Kulob mai zaman kansa da kuɗin mambobi yake rayuwa: ban ruwa, man janareta, injin yankan ciyawa, albashin ma'aikata. A nan Arewa, da damina ta ɗauke a watan Oktoba, sai ciyawa ta koma dogaro da rijiyar burtsatse har wajen Mayu. Shi ya sa tsofaffin filaye da dama suka daɗe suna amfani da yashi da aka cakuɗa da mai a kewayen rami maimakon ciyawa. Idan kulob ya ce zai koma ciyawa zalla, to ka sa rai da karo-karo na musamman. Tambayi sakatare sau nawa aka yi irinsa a shekarun baya, kuma ka nemi ganin rahoton kuɗi na taron shekara.

Sai batun ƙafa. Zagaye ɗaya rami 18 ne, tafiyar da ta haura kilomita 6, wajen awa huɗu. Mafi arha shi ne ka saɓa jakarka ko ka tura ta a ɗan keke. Doka ta yarda da sanda 14 a jaka, kuma a zafin Maris da Afrilu nauyinsu ba wasa ba ne. Ɗaukar kadi, yaron da ke riƙe jaka, shi ne abin da aka fi sabawa da shi a filayenmu. Kana biyansa duk zagaye, ga ɗan ihsani, amma ya san gangaren fili, ya san inda ƙwallo ke ɓuya. Ni dai shi na fi so ga sabon shiga.

'Yar motar fili kuwa, inda ake da ita, ita ce ke jawo gardama. Hayarta hanyar samun kuɗi ce ga kulob, don haka a Amurka wasu kulob sukan haɗa kuɗinta cikin na shekara, ko su hana tafiya da ƙafa a lokutan cunkoso. Mai tafiya a ƙasa sai ya tarar yana biyan batirin motar da bai taɓa hawa ba. Kulob na da hujjarsa, tunda kowa na cin moriyar filin, amma kai ma kana da haƙƙin sanin ko an ware kuɗin motar daban. Asalin wasan ma na ƙafa ne: sai da Casey Martin, wani ɗan wasan golf mai larurar ƙafa, ya kai har Kotun Ƙolin Amurka a 2001 kafin a tabbatar masa da izinin hawa mota a gasar ƙwararrun 'yan wasa ta PGA Tour.

Akwai kuma zaɓin ƙin zama mamba sam, ka riƙa biyan kuɗin baƙo duk ranar da ka je. Lissafin mai sauƙi ne: raba kuɗin shekara da kuɗin baƙo, ka ga zagaye nawa za ka buga kafin ka ci riba. Malamin jami'a da ke Samaru mai fitowa duk Asabar, zama mamba ya fi masa. Ɗan kasuwar Sabon Gari da rabin watansa ke ƙarewa a hanyar Kano, gara ya tsaya a baƙo.

Idan ka yanke shawarar shiga, bincika ko katinka zai ba ka ragi a filayen Kaduna, Kano ko Rayfield na Jos, kuma a rubuta maka a takarda cewa mai tafiya da ƙafa ba zai biya kuɗin mota ba.