Hattara da mai tallar "buɗaɗɗen Asphalt" a guruf-guruf na Kano

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu buga gem a waya ne, musamman tseren motocin nan na Asphalt, da kuma iyayen da yara ke karɓar wayarsu bayan isha'i da sunan "bari in ɗan buga". Akwai wani mutum, ko ince wasu mutane, da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp a garin nan suna tallar abin da suke kira buɗaɗɗen Asphalt. Wai duk motoci a buɗe suke, token ba ya ƙarewa, mai ba ya ƙarewa. Makon jiya abin ya faɗo gidanmu a Ɗorayi, har yau Umma ba ta gama ba mutane haƙuri ba.

Ni ba baƙon wasan ba ne. Tun zamanin ƙananan wayoyin Nokia masu madannai nake buga shi, lokacin da motar kanta ba ta fi ƙwayar wake girma a allo ba. Kamfanin Gameloft na Faransa ne ke yin sa, na farkonsa ya fito a 2004. Asphalt 8 ya zo a 2013, shi ne ya mai da tsalle da alkafura a sama tsakiyar wasan. Asphalt 9 ya biyo baya a 2018, a 2024 kuma suka sake masa suna zuwa Asphalt Legends Unite, amma yaran unguwa har gobe "nayin" suke ce masa.

In za a faɗi gaskiya, wasan ya haɗu. Ba irin wasan koyon tuƙi ba ne da za ka damu da giya ko kulochi. Nan ganganci ne zalla. Ka hau karkataccen tudu motar ta yi alkafura a iska ta dira kan tayoyinta, ka danna birki sau biyu ta juya kamar katantanwa ta watsar da na kusa da kai, duk wannan yana cika maka nitro, wato ma'aunin ƙarin gudu. In ma'aunin ya cika taf ka danna sau biyu da sauri, allon ya koma shuɗi mai ja-ja, motar ta fita kamar an harba ta. Akwai titunan Alƙahira, akwai Rum, akwai Shanghai, akwai duwatsun Himalaya. Tsere ɗaya ba ya cika wuce minti biyu, shi ya sa nake buga shi a shago a Kwari in kasuwa ta yi sanyi bayan la'asar. Akwai ma tsarin da suke kira TouchDrive, inda motar ke tuƙa kanta kai dai ka zaɓi hanya da lokacin nitro. Ni ina ganin wannan ragwanci ne, amma ƙanena da shi yake cin ni, don haka na yi shiru.

Inda wasan yake ban haushi kuwa, nan ne ɗan damfarar ya samu ƙofa. Kyauta ake sauke shi, amma an gina shi ne a kan jira. Da Mitsubishi Lancer za ka fara, a ajin D, can ƙasa. Kafin ka kai ajin S inda su Bugatti da Koenigsegg suke, sai ka bi C da B da A. Ba a sayen mota kai tsaye kamar a kasuwa, katunanta ake tarawa ɗaya bayan ɗaya, in sun cika ta buɗe, sannan ka sake tara wasu don ƙara mata tauraro. Kowace mota kuma tana da ma'aunin mai. Ka yi tsere kaɗan ya ƙare, sai ka jira ya cika da kansa ko ka biya da token. Token ɗin ana samun sa kaɗan-kaɗan a wasa, ko ka saya da kuɗin gaske. Yaro ɗan shekara 16 da ke kallon Lamborghini a kulle kullum, ga abokansa na yi masa dariya a makaranta, ba sai an sha wahalar lallashinsa ba. Ƙari a kan haka, tun wajen 2022 bankuna da dama suka dakatar da sayayyar ƙasar waje da katin naira na tsawon lokaci, har mutane suka saba da neman wani ya saya musu abu a intanet su ba shi naira a hannu. Wannan sabon ne ya sa in wani ya ce "ni zan yi maka", ba a jin komai.

Ƙanena a guruf ɗin 'yan ajinsu ya ga tallar. Bidiyo ne na allon waya, ana nuna gareji cike da motoci, adadin token kuma tara-tara ne jere har ya kusa fita daga allo. Ƙarƙashinsa an rubuta da Hausa tsaf, har da "in sha Allahu ba za ka yi nadama ba", da cewa mai abin yana da shago a Farm Centre. Naira 4,500. Yaron ya kwashe abin da ya tara na kuɗin tara, ya je wurin mai POS na bakin layi ya tura.

Abin da aka turo masa fayil ne na APK, wato irin fayil ɗin da ake sa manhaja da shi a wayar Android, ta WhatsApp, da saƙon murya mai bayani dalla-dalla. Ya goge na asalin tukuna. Ya shiga Play Store ya kashe Play Protect, mai tsaron waya daga miyagun manhajoji, "don Google ba ya son talaka ya samu na banza". In wayar ta yi gargaɗi ya danna ci gaba. In manhajar ta nemi izinin karanta saƙonni ya ba ta. Duk ya yi, kuma a wayar Umma ya yi, don tasa ba ta da wurin da zai ɗauki wasan.

Da na duba daga baya, fayil ɗin bai kai megabayit 20 ba. Asphalt na gaske ya haura gigabayit 2, duk wanda ya taɓa ƙona datarsa a kansa ya sani. Da aka buɗe, tambarin wasan ne ya fito da wani layi yana tafiya a hankali, sai ta nemi lambar waya wai don kunnawa. Ya sa lambar Umma. Daga nan layin ya tsaya a 87, bai ƙara motsi ba. Ya yi wa mutumin magana, aka ce ya bar wayar a kunne ya kwanta, kafin asuba zai gama.

Kafin asuba WhatsApp ɗin Umma ne ya gama. Lambobi shidan da WhatsApp ke turowa ta saƙo idan za a buɗe shi a sabuwar waya, manhajar ce ta karanta ta aika musu, ba wanda ya roƙi yaron ya faɗa. Da safe Umma ta ga an fitar da ita, ta ɗauka matsalar sabis ce, ta ci gaba da aikinta. Su kuwa suna can suna bin 'yan'uwa ɗaya-ɗaya da sunanta: wai ni ɗanta an kwantar da ni a asibiti, a taimaka da rance zuwa yamma, kada a kira don tana wurin likita. Gwaggonmu ta Fagge ta tura 30,000. Wata ƙawar Umma ta Islamiyya ta tura 10,000. Allah ya taimake mu kawuna ya ƙi bin maganar "kada a kira", ya bugo mini kai tsaye. Ina tsaye ina auna wa kwastoma shadda ya ce, "Kai, wane asibiti kake?"

Da na dawo gida na tsare yaron, ya yi ta rantsuwa. "Wallahi Yaya ban ba kowa lamba ba." Kuma gaskiya ya faɗa. Bai ba da lamba ba, ƙofar gaba ɗaya ya buɗe.

Ga abin da nake so kowa ya gane, don shi ne zai hana ka faɗawa ko da sun sake salo. Token ɗinka da motocinka a Asphalt 9 ba a cikin wayarka suke ba. Suna can a kwamfutocin kamfanin, shi ya sa wasan ba ya buɗewa sai da intanet, shi ya sa kuma in ka sake waya ka shiga da asusunka za ka tarar da garejinka yadda ka bar shi. Wayarka leƙawa kawai take yi ta nuna maka abin da ke rubuce a can. To ta yaya fayil ɗin da wani ya turo maka daga ɗakinsa zai sauya lissafin da ke hannun kamfani? Iyakarsa ya zana maka tara-tara a allo. Bidiyon da suke nunawa ma ba sai sun yi da kansu ba, irinsa sun cika YouTube. Wanda kuma ya samu wata dabarar da ta taɓa wasan da gaske, kamfanin na rufe asusun masu maguɗi, ya yi asarar wanda ya sha wahalar ginawa.

Akwai salo na biyu da wani abokina na layinmu a kasuwa ya ba ni labari bayan ya ji namu. Wannan ba fayil yake turowa ba. Cewa yake zai loda maka token a rabin farashi, ka ba shi imel da kalmar sirrin da ka haɗa wasan da su, Google ko Facebook. Wanda ya riƙe Gmail ɗinka ya riƙe hotunanka da lambobin mutanenka, da hanyar sauya kalmar sirrin sauran abubuwanka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ke sayar da abu ƙasa da yadda mai shi ke sayarwa, ko dai ba zai kawo ba, ko da katin sata ya biya, ko kuma kai ne hajar.

Na je Farm Centre washegari da lambar da sunan shagon da ya bayar. Na zagaya, na tambayi masu gyara da masu sayar da caja, ba wanda ya san shi, babu ma shago mai wannan suna. Sunan kasuwar kawai ya ara don a yarda da shi. Wani mai gyara da na saba da shi ne ya karɓi wayar, ya kwashe hotunan Umma, ya yi mata filashin gaba ɗaya, don ya ce irin waɗannan manhajoji wasu kan ɓoye tambarinsu, ka ɗauka ka goge alhali suna nan. Ya ce ba mu ne na farko da suka zo masa da wannan ba.

Wanda abin ya riga ya same shi, ya fara kashe data ya cire layin ya sa a wata waya mai tsabta. Ya kira bankinsa a toshe asusun da ke kan layin kafin komai, don manhajar da ta karanta saƙon WhatsApp za ta karanta na banki. Mu Allah ya rufa asiri, asusun Umma ba a kan wannan layin yake ba. Sannan ya sake buɗe WhatsApp da lambarsa, da zarar ya sa sababbin lambobi shida za a fitar da ɓarawon. Sai dai in ɓarawon ya riga ya sa lambar sirri ta mataki na biyu, za ka iya jiran kwana 7 kafin ka shiga. Haka ta faru da mu. Da Umma ta sa tata tun farko, da lambobin saƙon kaɗai ba su ishe su ba, kuma sa ta bai fi minti ɗaya ba a cikin saitin asusu. A kira 'yan'uwa da baki a gaya musu, kada a tsaya rubutu. A ajiye rasit ɗin POS da hoton hirar da lambar asusun da aka tura kuɗin, a kai wa banki, a kai wa 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano. Mun kai namu, muna jira.

Ƙanena yanzu yana zuwa shago kowace Asabar yana ninke yadi, daga ladansa ake biyan Gwaggo, duk da ta ce ta yafe. Tsohon asusunsa na wasan bai haɗa shi da komai ba, ya tafi da gogewar, wata takwas na tara kati. Ya koma kan Lancer.

Jiya da daddare wani yaron maƙwabta ya nuno mini wayarsa. Bidiyon nan ne dai, garejin nan, tara-taran nan. Lambar ce ta sauya, shagon ya koma Beirut Road, kuɗin kuma an rage zuwa 3,000 wai saboda hutun makaranta.